Ruwan Rijiyar Otis Pruitt

Delfina Arriaga na cusa fayiloli a kwali sai ga tsoho Otis Pruitt ya turo ƙofa, hannunsa riƙe da kwalbar ruwa mai kalar shayi. Tafiyar awa biyar ya yi zuwa Austin, babban birnin jihar Texas, don a sa masa ranar zaman sauraron kokensa kan rijiyarsa, wadda ramin sharar wani kamfani ya gurɓata. Da ruwan yake shayar da shanu, da shi matarsa ke wanka har fatarta ta fara saɓulewa.

Delfina ta rasa ta inda za ta fara, don hukumar kula da rijiyoyin da take wa aiki rufe ta ake yi. A Texas kowace hukuma da wa'adinta, bayan shekara goma sha biyu in majalisa ba ta sabunta ta ba, ta mutu ke nan. A bara, da masu binciken majalisa suka zo, shugabanta ya ce kowa ya iya bakinsa. Ita kuwa ta fasa ƙwai: ma'aikata huɗu ne ke duba rijiyoyin jihar kaf, koke-koke na ruɓewa a kwalaye. A zatonta za a ƙaro musu hannu. Garin neman gira ta rasa ido, don 'yan majalisa da suka karanta rahoton cewa suka yi ashe hukumar ba ta tsinana komai. Har zamansu ya ƙare ba wanda ya ko ɗaga takardar sabuntawa.

Ta zaunar da shi, ta gaya masa an daina sa ranar zama, fayil ɗinsa ma ɗakin ajiya za shi.

"To 'yata, faɗa min sunan wanda ya ƙi mu, in je in same shi."

"Ba wanda ya ƙi ku, Baba. Ko ƙuri'a ba a kaɗa ba."

"Au, haka kawai?"

"Haka kawai."

Ya daɗe yana jujjuya hularsa. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta. Da ya miƙe, ya ce shi dai bai ga laifinta ba, amma a gari ya ji an ce wani ɗan cikin gida ne ya kai tsegumi.

"In kin san ko wane ne, ki ce masa matata na gaishe shi."

"Zai ji, Baba," in ji Delfina, ta riƙe masa ƙofa.