Wutsiya a Allon Harbi

A cikin usur ɗin Saje Gimba babu ɗan ƙwallon nan da ke sa shi kaɗawa. Ƙwayar gurjiya ya cusa a madadinsa, shi ya sa in ya busa sai ka ji kamar zakara mai mura. Na lura da haka tun ranar farko, ban dai faɗa wa kowa ba. Dama ni ba mai yawan magana ba ce.

A shekarar 1984 ne, ina bautar ƙasa a wani ofishin kula da gandun daji a Minna. Ilimin tsirrai na karanta a jami'a, amma da aka shirya wa masu gadin daji kwas ɗin harbi, sai aka ce tunda hannuna yana da kyau, ni zan riƙe takardar maki, in kuma riƙa yi wa allunan harbi fenti. Kullum da safe motar ofis take kwasarmu zuwa wani tsohon ramin jar ƙasa a bayan Bosso.

Saje Gimba tsohon soja ne da aka ɗauko don koyarwa, gajere, da gashin baki murɗaɗɗe kamar ƙahon rago. Hawa uku ya raba kwas ɗin. Na farko mako guda ne da sanda: a ɗaga, a durƙusa, a kwanta, a tashi. Na biyu bindiga mai baki biyu, na uku bindigar soja mai cin dogon zango. Duk wanda ya faɗi hawa na uku, za a karɓe bindigarsa a mayar da shi lambun ofis, ya riƙa yi wa dashe ban-ruwa.

Dattijon ajin shi ne Baba Shekwolo. Shekararsa ashirin da biyu yana gadin daji, kafin nan kuma mafarauci ne. Makon sanda ya yi shi da haƙuri irin na wanda aka zaunar a aji ɗaya da jikokinsa.

"Baba, bakin bindigarka ya kalli ƙafar Andrawus," in ji Saje.

"Sanda ne, Saje. Ba ya tashi."

A hawa na biyu gwangwanayen madara ake cillawa sama. Baba bai taɓa barin ɗaya ya sauko lafiya ba. Har Saje ya ce, "Ba laifi," wanda shi ne iyakar yabonsa.

A hawa na uku aka kafa allunan da na zana: baƙin mutum daga ƙugu zuwa kai, da zobba a ƙirji. Harsashi biyar, ana son uku a ciki. Gwaji biyu ne kacal, Alhamis da Juma'a.

Ran Alhamis Baba ya kwanta, ya saita, ya saki biyar a jere. Saje ya duba da tabaron hangen nesa.

"Sifili. Malama Saudatu, rubuta."

Andrawus, matashin da ba ya barin abu ya wuce, ya leƙo. "Baba, in nemo maka bokitin ban-ruwa, ko kana da naka a gida?"

Aka yi dariya. Baba ya kaɗe gwiwarsa ya koma gindin ɗorawa.

Aikina ne in liƙe hujojin da takarda da koko. Da na isa allon Baba, jikin mutumin lafiya lau. Amma can gefe, a kan farin katako, ɗan nesa da kunnen hagu, ga huji biyar a cure. Murfin kwalba zai rufe su duka.

Na daɗe ina zagaya ɗorawar nan kafin na samu bakin magana. Baba yana cin dafaffiyar doya da manja.

"Baba, na ga inda suka shiga."

Bai ɗago ba. "Kin gani, ki yi shiru."

"Gobe ne na ƙarshe."

"Na sani, 'yata." Ya lashe yatsa. "Ran da ubana ya ba ni bindiga, ya sa na dafa ƙasa na rantse. Bakin bindiga ba ya kallon siffan mutum. A gidanmu haka ne."

"Ai katako ne, Baba. Ni na zana shi."

"Bindiga bai san katako ba. In ya saba, ya saba."

"Ka gaya wa Saje mana."

"In gaya wa soja ba na harbin mutum?" Ya miƙo mini doya. "Ci. Ban-ruwa ma aiki ne."

Ya faɗa, amma idonsa yana kan akwatin bindigogi.

Da la'asar na zauna a sito da ɗan littafin ƙa'idojin kwas ɗin. Na karanta shi sau biyu. Ya faɗi tsawon allo, ya faɗi faɗin zobba, ya faɗi nisan wurin kwanciya. Ko kalma ɗaya bai ce game da wanda za a zana ba. Na jawo gwangwanin baƙin fenti.

Ran Juma'a, da aka yaye buhun da ke kan allo na huɗu, wanda Baba zai harba, kowa ya zuba masa ido. Zobban suna nan inda suke. Sai dai mai zobban ya yi dogon baki, ya yi gashi a kafaɗu, ga wutsiya ta lanƙwaso ta gefe. Gwaggon biri ne a tsugune.

Saje ya juyo a hankali. "Malama, mene ne wannan?"

"Fenti ne ya zube, Saje."

"Ya zube, ya yi wutsiya?"

Na miƙa masa littafin a buɗe. Ya karanta, ya juya shafi, ya dawo baya. Bai samu abin da yake nema ba.

Andrawus ne ya fara karkata kai. "Jama'a, ni fa kamar na san birin nan."

Wallahi ban yi da niyya ba. Da na gama bakin, sai na ga ya yi fayau, na ɗan ƙara masa gashi. Mako uku kuma gashin baki ɗaya nake kallo, hannuna ya murɗa shi sama da kansa.

"Wa ka sani?" in ji Saje.

"Wani ne a Kpakungu, Saje. Ba ka san shi ba."

Mutum goma sha ɗaya suka duƙufa gyaran igiyar takalmi.

Baba Shekwolo ya tako ya tsaya yana ƙare wa allon kallo. "Wannan ne ya cinye mini masara bara," ya ce. Ya kwanta.

Saje ya tsaya da littafin a hannu. Yana iya cewa a sauke allon, babu mai musa masa, kuma kowa ya san lambu ke nan. Ya dubi furfurar da ke kwance a jar ƙasa, ya dube ni. Na dubi takalmina.

"Harba," ya ce.

Biyar suka tashi. Wannan karon Saje bai ɗauki tabaro ba, da ƙafa ya taka har gaban allon. Zoben tsakiya ya zama rami ɗaya mai baki biyar. Ya tsaya nan kafaɗa da kafaɗa da birin, sannan ya yi kuskuren juyowa ya fuskance mu. Andrawus ya cusa hularsa a baki.

Saje ya dawo ya karɓi takardar maki daga hannuna. Ya rubuta biyar a gaban sunan Baba, ya rubuta "ya ci", ya sa hannu. Baba ya cire hula zai yi godiya, amma Saje ya riga ya ba da baya. Ya shafa gashin bakinsa sau ɗaya, ya kwantar da shi ƙasa da yatsu biyu. Ya kama babur ɗinsa Basfa, bai tayar da shi ba, ya tura shi a hankali har ya haye bakin ramin.