Tayoyin Baba Direba

"Kada ka kwantar da ita. A tsaye ake mirgina ta."

Baba Direba ne yake magana daga kan tabarma, muryarsa da ƙyar take fita. Ɗansa Tela ya riga ya jefa taya ta farko tsakar gida. Ni kuwa ina bakin ƙofa, riƙe da filon da matarsa Inna ta miƙo mini. Ranar aka kawo masa gadon asibiti, kuma ɗakin ba zai ɗauki gado da tayoyi tare ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Tun ina ƙarama na san tayoyin nan huɗu, jingine a bayan ƙofa, lulluɓe da bargo. Da su motar jejin da ya tuƙa wa masu haƙa rijiya ta fito daga kamfani. Da aka sa mata sababbi ya roƙi tsofaffin. Daga baya aka yi gwanjon motar, su kuma suka zauna. Bai yarda rana ta gan su ba. Kowace tana da ɗigon alli a gefe, duk ƙarshen mako yakan juya ta kaɗan, allin ya matsa gaba, don kada gefe ɗaya ya gaji da nauyi.

"Duk zamanmu da shi bai taɓa lulluɓa mini bargo ba," in ji Inna.

"Ke ai ba kya tsagewa a rana," ya ce, ya yi dariyar da ta ƙare da tari.

Aka jera su ƙarƙashin rumfa. Ya kira ni da sunan da ya laƙaba mini tun da na gama jami'a na dawo gida jiran aiki.

"Mai Digiri, juyin ya koma hannunki. Yaushe mutuminki zai zo?"

Mutumina wani makaniki ne da na samo a waya, mai gyaran tsofaffin motoci. Yana da irin motar Baba. Ya ce robar ta tsufa, ba za ta yi tafiya ba, amma zai kawo motar ƙofar gida ya ɗaura su, Baba ya gan su a ƙafar mota sau ɗaya. Abin da Baba yake jira ke nan. Duk sanda na kira sai makanikin ya ce wani ƙarfen giyar motar yake jira, mako mai zuwa. Nakan shirya maganar da zan faɗa masa, cewa tsohon ba shi da makwanni da yawa. Da ya ɗauka sai in ji kaina ina cewa, "To, ba komai, Allah ya kai mu."

Wata la'asar iska ta taso da ruwa. Ta ɓalle ƙusoshin rufin ɗakin Baba, kwanon ya dinga ɗagawa yana dukan katako. Na shiga na tarar Inna ta tara roba a saman ƙirjinsa, bargonsa ya jiƙe sharkaf. Gadon ya fi ƙarfinmu, ba kuma inda za a matsa da shi. Tela ya hau tsani da guduma, ya sauko.

"Katakon ya ruɓe, ƙusa ba ta kamawa."

Ya dubi rumfa, sannan ya dube ni.

"Yaya, Baba ya ce..."

"Na san abin da ya ce. Ki zaɓa, ƙanwata: taya a rana, ko ruwa a kan tsoho?"

 Na riƙe masa tsani, ya hau da tayoyin ɗaya bayan ɗaya ya danne kwanon da su.

Da ƙarar kwanon ta tsaya na koma ɗaki. Idanun Baba suna kan rufi.

"Ta baya ce wannan ta saman kaina," ya ce. "Ta fi sauran nauyi, akwai faci a cikinta."

"Ya daina zuba dai, Malam," in ji Inna. "Gobe Tela zai karɓo wasu wajen mai faci, a sauko da naka."

"Mai Digiri, a kwance suke?"

"A kwance, Baba."

"To."

Bai ƙara tambayata juyi ba. Tela kuma bai je wajen mai faci ba, tsakanin shago da kantin magani ƙafarsa ba ta huta ba, ni ma na kasa tuna masa. Daga tagar ɗakina ina ganinsu a kan rufin, rana tana dukansu tun safe. Idan mota mai nauyi ta wuce ta layi, Baba yakan juyo da kai wajen ƙofa, ya saurara har ƙarar ta ɓace.

Wata rana da hantsi ya rasu, Inna tana jiƙa masa leɓe da cokali.

Bayan an daina zuwa gaisuwa, wata safiya na ji hon a ƙofar gida. Motar ce, koriya, doguwa, an wanke ta tas. Makanikin ya sauko yana murmushi, ya ce ƙarfen ya samu. Tela ne ya gaya masa Baba ya rasu. Makanikin ya cire hula. Sannan ya hau tsani, ya danna kowace taya da yatsa.

"Ba su lalace ba tukuna," ya ce da ya sauko. "Mama, in kawo wasu a danne rufin, in ɗaura waɗannan kamar yadda na yi alkawari."

Inna ta leƙa ta dubi motar, daga fitila har baya.

"Wa zai gani, ɗana?" ta ce. "Bar su. Su suka tare masa ruwa. Yanzu ni nake kwana a ɗakin."

Ya ja motarsa a hankali ya fita daga layin.

Da yamma aka yi yayyafi. Na tsaya a taga. Ɗigon allin ya wanke daga uku, saura ta bayan, can saman inda gadon yake. Ruwa ya taru a cikinta, wani ɗan tsuntsu ya sauka a bakinta yana sha.