Jan Ƙyalle a Ƙofar Baba Mai Lu'ulu'u

Ta kai minti arba'in zaune a kan benci bakinta a rufe, abin da duk mutanen layin za su rantse ba zai yiwu ba. Ba a banza ake ce mata Rediyo ba. Tela ce, bango ɗaya ya raba shagonta da na Baba mai lu'ulu'u, kuma keken ɗinkinta kan gaji ya tsaya, ita ba ta tsayawa. Amma yau da ta zo da hantsi ta tarar da jan ƙyalle ɗaure a mariƙin ƙofa, sai ta haɗiye sallamarta, ta lallaɓa ta zauna.

Kowa ya san dokar ƙyallen nan. Sana'ar Baba ita ce gyaran lu'ulu'un da ya tsage ko ya dushe, a mayar da shi jikin sarƙa ko ɗan kunne. Yakan ce lu'ulu'u kamar albasa yake, ɓawo kan ɓawo. In na sama ya mutu, sai a bi shi da 'yar wuƙa a fere a hankali, wataƙila a dace da mai kyau a ƙasa. Hannu ya goce sau ɗaya, an yi asara. Shekarun baya wani ya taɓa rangaɗa masa sallama yana tsakiyar aiki, wuƙar ta zarce ta lalata ƙwayar lu'ulu'un wata baiwar Allah. Tun daga ranar, in ya ɗaura ƙyalle, ka shigo ka zauna, amma ko tari ne ka riƙe abinka sai shi ya fara magana.

Kuma yau nata yake gyarawa. Ƙwayar tsakiya ce ta sarƙar marigayiya mahaifiyarta, wadda ta bari a akwati kusa da kwalbar turare har ta yi rawaya ta fara saɓa. Ranar da ta kawo ta tana hawaye, Baba ya ce ta ajiye kukan tukuna, ba a yi wa mai rai makoki.

Daga inda take, bayansa kawai take gani: farar riga, ƙeya, kai sunkuye ƙarƙashin fitilar tebur, da igiyar madubin da yake ɗaurawa a ido. Fanka na juyawa. Ta ƙirga kwalaben da ke jere a bango, ta karance kalandar bara tas, ƙafarta ta yi tsami. A ranta tana ta tsokanarsa, wai tsohon nan da gangan yake yi, so yake ya ga ƙarshen haƙurinta.

Ƙuda ne ya tayar mata da hankali. Ya sauka a kunnen Baba, ya zaga, ya gangara wuya, ya sake komawa kunnen. Baba bai kore shi ba.

"Baba," ta ce ƙasa-ƙasa, tana jin kamar sata take yi. Bai motsa ba. Ta miƙe. "Baba, ka yafe ni, na karya doka."

Ta dafa kafaɗarsa, sai wuƙar ta zame daga yatsunsa ta faɗi ƙasa. Abin da ya biyo baya ba ta iya tuna shi a jere. Ta dai san ta tsinci kanta a tsakiyar titi ba takalmi, tana nuna ƙofa da hannu, bakin da bai taɓa rasa magana ba ya kasa haɗa kalma biyu.

Mai kemis na ƙarshen layi ya zo a guje. Ya taɓa wuya, ya taɓa hannu, ya kwance madubin daga idon Baba, ya ce sai haƙuri. Ya tambaye ta tun yaushe take ciki. Da ta faɗa masa, sai ya dube ta ya sauke kai. Ta riƙe hannun rigarsa ta ce da ta yi magana da wuri fa? Ya ce Allah ne masani, irin wannan wani lokaci akan ceto mutum, wani lokaci ba a iyawa. Ita dai rabin farko kawai ta ji.

Duk wanda ya shigo sai ya tambaya, ita kuwa amsa ɗaya take bayarwa, a haka ta same shi. Ta faɗa wa mai wanki, ta faɗa wa mai gyaran agogo, ta yi ta faɗa har maganar ta yi santsi a bakinta. Mutane suka yarda, suna ba ta haƙuri. Ita kaɗai ta san akwai abin da ta ɓoye.

'Yar Baba malamar makaranta ce a can wani gefen gari, ita kaɗai ya haifa. Sai bayan azahar, da aka kai shi makwancinsa, ta zo shagon don ta kulle, idonta jajir. Ta tarar da Rediyo a kan bencin nan, ta zauna kusa da ita. Ta ce shekara uku tana roƙonsa ya bar aikin nan ya koma wajenta, ya ƙi.

"Abin da nake gudu ke nan, Anti. Ya cika shi kaɗai, ba kowa a kansa."

Rediyo ta kalli teburin. Ƙaramin farantin tangaran yana nan kusa da fitila, ƙwayarta a ciki, ta ɗan ragu amma fara sol tana sheƙi. Baba ba ya sa ƙwaya a farantin nan sai ya gama da ita. Shekara goma sha ɗaya tana jin ƙarar faɗawarta ta bango, ƙil, har takan ce wa masu kawo ɗinki yau ma tsoho ya ci nasara. Yau ma ta ji ta, ba da daɗewa da zamanta ba. Har murmushi ta yi, ta gyara zama tana jiran ya juyo.

Da ta yi shiru, ba wanda zai taɓa sani. Tsoro ya kama ta sosai, amma ta kasa barin yarinyar da wannan ciwon.

"'Yata, ba shi kaɗai ba ne. Da ransa na shigo. Na ji lokacin da ya sa ƙwayar a faranti. Ina nan bayansa, taku uku tsakaninmu, ban ce masa komai ba."

Ta sunkuyar da kai tana jiran duk abin da zai zo. Malamar ta juyo ta dube ta, ta yi tambaya.

"Ya san kin shigo?"

"Ƙofar nan ƙara take yi. Ya sani."

Malamar ta kalli kujerar mahaifinta. Sannan ta tashi ta ɗauko ƙwayar, ta buɗe tafin Rediyo ta sa mata, ta rufe yatsun da nata hannun, ba ta saki ba. Suka yi kuka tare, a hankali.

Da suka fito suka ja ƙofa, ba wadda ta iya kwance ƙyallen. Wasu mata biyu suka taho ta layin suna hira da ƙarfi, ba su ji labari ba tukuna. Da suka hango jan ƙyallen sai suka rage murya, suka wuce a hankali.