Gudun Asabar a Bakin Dam

Likita ne ya fara ɗora Tela a kan wannan hanya. Ya duba takardar gwajin jini, ya ɗago ya dubi tumbin mutumin da ke zaune a gabansa, ya ce sukari ya hau, jini ya hau, in dai yana son ganin auren 'ya'yansa to ya tashi daga kan keken ɗinki ya riƙa motsa jiki. Shekara talatin da ɗaya Tela yana taka keke, bai taɓa zaton ƙafar da ke aiki tun safe har yamma tana bukatar wani motsi ba.

Matarsa ce ta kai labarin kunnen ƙaninsa. Auta suke ce masa a gida. Tela ne ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, a shagon ɗinkin Tela ya tashi, a kan teburin yanka yake yin aikin makaranta. Yanzu injiniya ne, cikinsa a shafe kamar na ɗan ƙwallo, yana kuma da ƙungiyar masu gudun safiyar Asabar, su goma sha ɗaya, waɗanda ke kiransa Kyaftin.

"Yaya, ka zo ka bi mu mana," in ji shi, yana ɗan bubbuga tumbin da bayan hannu. "Wata uku kacal, wannan randar za ta sauka."

Tela ya ji daɗin gayyatar fiye da yadda ya nuna. Rabon da Auta ya neme shi zuwa wani wuri har ya manta. A ranar ya zaro ragowar wani shuɗin yadi mai kauri, ya yanka wa kansa wandon gudu, ya ɗora masa fararen layi biyu a kowane gefe, ya goge shi tas.

Sanyi ya riga ya shigo sa'ad da suka fara. A filin ajiye motoci na bakin dam ake haɗuwa, a zagaye ruwan, kilomita takwas, a dawo inda aka tashi. Mutanen Auta suka fito daga motocinsu cikin kaya masu kama jiki, da safar hannu, kowa da agogon da ke ƙirga masa taku. Wani dogo da ake kira Lauya ya ƙare wa wandon Tela kallo.

"Kyaftin, wannan na wane kamfani ne? Ban taɓa ganin irinsa ba."

"Kamfanin Yaya da 'Ya'yansa," in ji Auta. "Guda ɗaya suka yi a duniya, suka rufe."

Aka bushe da dariya, Tela ma ya yi. Kafin a gama hawan tudun farko, Mai Kemis, wani gajere mai yawan surutu, ya raɗa masa suna Tirela, wai numfashinsa sak na babbar mota mai lodi a kan gangare. Sunan ya bi shi. Kullum shi ne na ƙarshe, kullum yakan iske su sun jingina da motoci suna shan shayi daga fulas, wani ya ɗaga hannu ya yi masa hon da baki.

Abin da babu wanda ya sani shi ne, gudun ya shiga ran Tela. Da sun yi masa nisa, hanya ta zama tasa shi kaɗai, sai ya ji wani irin sakewa. Raɓa ta daskare a kan ciyawa tana ƙara a ƙarƙashin kambas, numfashinsa yana fita fari kamar hayaƙi, agwagi suna tsaye da ƙafa ɗaya a gefen ruwa. Kunnuwansa su yi zafi don sanyi, ƙirjinsa kuwa ya ɗumama. A Asabar ta bakwai ya zagaye dam ɗin ba tare da ya tsaya ko sau ɗaya ba. Da ya koma gida ya rage wa wandon ƙugu da inci biyu, ya kira matarsa ta zo ta gani.

Asabar ta tara gari ya waye baƙi ƙirin da hadari, abin da ba a saba gani ba a lokacin sanyi. Kamar kullum, Tela ya cire rigar sanyinsa, ya haɗa da waya da makulli ya ajiye a kujerar bayan motar Auta. Suna rabin hanya aka fara yayyafi mai haɗe da ƙanƙara, iska tana watsa shi a fuska kamar tsakuwa. Sauran suka ƙara wuta suka ɓace. Tela ya sunkuyar da kai ya ci gaba da nasa takun, singileti da rigar sama duk sun manne masa a jiki, yana lallashin kansa da tunanin shayi mai zafi.

Ya iso filin ya tarar babu mota ko ɗaya, sai sawun tayoyi cike da ruwa.

Da fari ya ɗauka wasa ne. Ya yi murmushi, ya leƙa bayan ɗakin mai gadi da ke kulle, ya zagaya ta wajen bishiyoyi.

"Auta! To na gani, ku fito haka nan. Auta!"

Ya kira har muryarsa ta dushe. Ya tsaya a ƙarƙashin ɗan rufin ɗakin mai gadi ya rungume hannuwa, gumin jikinsa ya huce, sanyi ya fara shiga ƙashi. Da haƙoransa suka soma haɗuwa da juna sai ya gane tsayuwar ba ta da amfani, ya kama hanyar gari da ƙafa. Kilomita bakwai ne a gefen babban titi. Motoci suna wucewa suna watsa masa ruwa. Wani ɗan tasi ya rage gudu, ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ja motarsa. Ya so ya yi gudu ko jikinsa ya ɗumama, ƙafafun suka ƙi.

Da matarsa ta buɗe ƙofa sai ta yi salati. Leɓunansa sun yi baƙi, yatsunsa sun kasa kwance igiyar kambas, ita ta durƙusa ta kwance masa.

"Baban yara, ina Auta? Ina rigarka?"

"Ni na ce su tafi," in ji shi. "Na ce zan ƙara zagaye ɗaya."

Kwana biyu bayan haka zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya koma da ƙyar. A asibiti aka ce nimoniya ce, ta kama huhu biyu. Kwana tara ya yi a gado da robar iska a hanci.

A kwana na shida ƙungiya ta zo dubiya, su biyar, da ledar lemo da ayaba. Auta ya ajiye rigar sanyin a ƙarshen gado, a ninke.

"Wallahi Yaya ka ba mu tsoro. Mu mun ɗauka ka yanke hanya ka hau bas."

Tela ya gyaɗa kai. Ya yarda, don yana son ya yarda. Matarsa ta fita ɗebo ruwan zafi, sai Mai Kemis ya matso da waya a hannu, dariya tana cinsa.

"Tirela, ai ka yi suna. Ka ga wannan kuwa? Sau nawa na kalla, har yanzu ciwon ciki yake sa ni."

Ya kara masa wayar a fuska. Daga saman tudu aka ɗauki bidiyon, ta gilashin mota, waifa tana kai da kawowa. Can ƙasa ga wani mutum mai ƙiba cikin shuɗin wando yana zagaye filin da babu kowa, yana leƙa bayan ɗakin mai gadi. A cikin motar ana ta ƙyaƙyata dariya. Wani ya ce, "Kyaftin, mu sauka mu ɗauko shi haka nan." Sai muryar da Tela ya sani tun tana ta jariri ta amsa: "Bar shi ya ji a jikinsa. Mako mai zuwa zai ƙara sauri. Mu je mu karya, ma dawo."

"To da muka dawo kuma ka tafi," in ji Lauya. "Kai ma da gajen haƙuri."

Tela ya dubi ƙaninsa. Auta yana ɓare lemo, bai ɗago ba, sai dai gefen bakinsa yana motsi.

"Wasa ne fa, Yaya. Kowa a ƙungiyar nan an yi masa irinsa. Ungo, sha lemo."

Tela ya karɓa. Da matarsa ta dawo ta yi musu godiya, ta sa musu albarka har bakin ƙofa.

Bayan an sallame shi da mako guda, wata motar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofar shago, aka sauke injin gudu. Tsoho ne, wanda Auta ya daina amfani da shi, bel ɗinsa ya goge a tsakiya. Auta ya sa aka tura shi lungu, tsakanin teburin guga da buhunan ƙyalle, fuskarsa na kallon bango.

"Ka ga wannan ya fi maka. Babu sanyi, babu ruwa, babu mai jiranka. Mutanena sun ce ba za su iya ɗaukar alhakin wani ba, ka gane ai."

Maƙwabta suka yi ta shigowa kallo, suna cewa Allah ya ba kowa ƙani irin wannan.

Tela ya riƙa hawa injin kowace safiya kafin ya buɗe shago, don likita ya ce kada ya daina. Injin yana gurnani, allurai suna rawa a cikin gwangwaninsu, shi kuma yana kallon wata tsaga a jikin bango da kalandar bara. Minti ashirin a nan ta fi masa zagayen dam tsawo. Tarin bai sake shi gaba ɗaya ba, in ya ƙara sauri sai ƙirjinsa ya riƙa kuka. Ya daina rage wa wandon ƙugu.

Sanyi yana gab da wucewa Auta ya shigo da dilar jan yadi a kafaɗa da takarda a hannu. Ya ce akwai tseren gari da za a yi wata mai zuwa, ƙungiya tana son riguna iri ɗaya, kowa da sunansa a baya.

"Na ce musu don me za mu kai wa bare, ga Yaya? Ga awon kowa nan, nawa ne kawai babu, na rame."

Tela ya karanta takardar a hankali, ya bi sunayen da yatsa har ƙasa. Goma sha ɗaya, babu nasa. Bai yi niyyar magana ba, bakinsa ne ya riga shi.

"Yadin zai yi saura. Zai isa riga ɗaya."

Auta ya yi dariya, ya nuna lungu da haɓa.

"Haba Yaya, injin ai ba ya bukatar yunifom. In ya yi saura ka yi wa yara wani abu."

Ya cire jaket ya buɗe hannuwa. Tela ya zaro tef daga wuyansa, ya zagaya da shi ƙirjin ƙaninsa, ya auna kafaɗa, ya auna tsawo, ya rubuta. Ya sake awon kafaɗar.

"Ran Alhamis ta sama nake so," in ji Auta daga bakin ƙofa. "Kuma don Allah ka yi musu ɗinki na zamani, kada a yi mini dariya."

Tela ya gama su ran Laraba. Ya goge kowace, ya ninke, ya jera su a leda, ya rubuta sunan mai ita a kai.