Dutse a Goshin Jirgi

Tun suna samari rabon aikinsu bai canja ba. Kefas a goshin kwale-kwale yana jefa birgi, komar kama kifi, ƙanensa Felix a baya da filafili, yana riƙe jirgi ya fuskanci iska. Aikin na baya ba a ganinsa sai ranar da iska ta samu jirgi ta gefe, mai jifa ya sha ruwa. A dam ɗin Shika kuwa babu mai hannun Felix. Ya kuma san haka, har ya ishi masu kifin kasuwar Sabon Gari da labarin kansa.

Sai hawan jini ya kayar da shi, ɓarin hagu ya shanye. Ya dai tashi, amma hannun ya zama kamar na aro. Da ya fara takawa, matarsa Janet ta taso daga Samaru har Zabi, inda Kefas ke zaune, ta durƙusa masa.

"Yaya, don Allah kada ka karɓe masa filafilin nan. Shi kaɗai ke tashe shi daga shimfiɗa."

Kefas ya san hannun ba zai iya ba. Sai ya nemo dutse, ya ɗaure shi da igiya a goshin jirgi, daidai inda ƙafarsa ke rufewa. In sun kai tsakiya sai ya yi kamar yana warware birgi, ya zura dutsen cikin ruwa a hankali. Dutse ya riƙe goshi, jirgi ya fuskanci iska da kansa. Felix yana can baya yana tsoma filafili yana cika baki.

"Ka gani ko, Yaya? Wai likita ya ce na gama. Shi ya taɓa shiga ruwa?"

"Ina fa," in ji Kefas, yana kallon wani wajen. Dariyar ƙanen nasa tana yi masa daɗi, tana kuma ci masa rai.

Haka suka cinye rani. Ranar da hadarin farko ya haɗo daga gabas, iska ta zo ba sallama, masunta kowa ya nufi gaci. Kefas ya lallaɓa zai janye dutsen, dutse ya ƙi. Ya maƙale a wani kututturen da ruwa ya haɗiye. Felix yana ta tuƙi, jirgi ko gezau, ruwa na dukan goshi yana zubowa ciki.

"Yaya, me ya riƙe mu?"

Dabara ta ƙare. Kefas ya zaro wuƙa, ya ɗago igiyar a fili, ya yanke. Felix ya gani. Masunci ne, ba ya bukatar bayani.

Nan take jirgi ya ba iska gefe. Felix ya kafa filafili ya danne shi da ƙirji, ya cije leɓe. Hannun hagu ya zame ya faɗo cinyarsa. Ya ɗauke shi da na dama ya mayar, ya sake zamewa. Ruwa ya rufe idon sawu. Kefas ya ƙanƙame gefen jirgi, ya gwammace su kife da ya buɗe baki ya ce kawo filafilin.

Felix ne ya faɗa da kansa. "Zo ka karɓa."

Suka yi musanyar wuri da rarrafe, babu wanda ya dubi wani. Felix ya zauna a tsakiya ya ɗauki ƙwarya yana kwarfe ruwa, Kefas ya kai su gaci.

Suna jan jirgi kan tudu aka fara yayyafi.

"Tun yaushe?" in ji Felix.

"Tun ranar da ka dawo."

Felix ya jinjina kai, ya daɗe yana kallon hannunsa.

"Ashe duwatsu biyu kake ɗauka, Yaya."

Kefas ya miƙa hannu zai tallafe shi su hau gangaren, Felix ya kauce, ya kama hanyar Samaru shi kaɗai yana jan ƙafa.