Keken Badamasi Mai Giyar Batir

Shekara goma sha ɗaya Zayyanu ya yi yana gyaran keke a rumfarsa da ke bakin tashar Bagudo, kuma a duk shekarun nan ba wanda ya taɓa ja da shi a kan maganar keken tsere. Shi ya fara kawo irinsa garin, wani siriri mai lanƙwasasshen ƙaho, wato abin riƙo, da ya sayo wajen mai gwanjo a ƙetaren iyakar Benin. Kayan giyarsa, masu canja gudun keke, na wani kamfanin Italiya ne da sunansa ya gagari bakin kowa, sai aka riƙa ce wa keken Ɗan Italiya.

A hankali mutum biyar suka bi sahunsa. Duk Asabar bayan sallar asuba sai su taru su nufi Kende su dawo. Kekunansu duka kayan Japan ne, Zayyanu kuwa ba ya gajiya da yi musu gori, yana cewa kayan Japan kamar silifa ne, kowa na da shi. Amma da na Italiya da na Japan duk giyar waya ce: ka tura ɗan hannu a ƙaho, siririyar waya ta ja sarƙa ta koma wani haƙori. Waya kuwa takan saki, sai gwani ya saita ta. Shi ya sa duk yammacin Juma'a kekunan nan na jingine a rumfarsa, yana murɗa 'yar ƙusa da yatsa biyu, kunnensa a kan sarƙa, masu su na zaune a benci suna kallonsa kamar ɗalibai.

Cikin mutum biyar ɗin har da Badamasi, ɗan kawunsa, wato taubashinsa, ɗan kasuwa mai yawan zuwa Kwatano. Mutum ne mai tumbi da yawan dariya, kuma kullum shi ne na ƙarshe a hanya.

Wata Juma'a bayan damina ta ɗauke, Badamasi ya iso rumfar yana tura wani baƙin keke. Malam Namadi, malamin makarantar sakandare wanda shi ma yana cikin mahaya, ya zagaya keken sau biyu, ya duƙa, ya ɗago.

"Alhaji, ina wayar giya?"

"Babu," in ji Badamasi. "Ɗaga mani ƙafar baya ka gani."

Namadi ya ɗaga. Badamasi ya juya feda da hannu ɗaya, ya taɓa wani ɗan maɓalli da ɗan yatsa. Aka ji wata 'yar ƙara, zit, sarƙa ta koma haƙori na gaba ba ko gargada. Ya sake taɓawa, ta sake komawa. Mutanen benci suka miƙe gaba ɗaya. Har mai shayin da ke gefe ya bar tukunyarsa ya zo.

"Batir na ciki," in ji Badamasi. "Shi ka tura sarƙa. Kuma Japan ɗin dai ce, taubashi, wadda kake cewa silifa."

Zayyanu bai tashi daga kan kujerarsa ba. Keken Namadi na gabansa a kife, ya saita rabin giyar, mai shi ya tafi kallo.

"Keken da sai an yi mashi caji kamar wayar hannu?" ya ce. "Ranar da batir ya mutu maka tsakanin Kende da Kurgu, ka kira Japan su zo su ɗauke ka."

Aka yi dariya, amma ba wanda ya dawo benci. Sai da aka kira magariba taron ya watse.

Daga ranar Zayyanu ya shiga jiran mutuwar batir. Asabar ta farko ya bi bayan Badamasi yana kasa kunne. Asabar ta biyu ma haka. Ta uku, ta huɗu, ta biyar, keken nan bai ko yi tari ba. Da aka tambayi Badamasi, ya ce tun da ya zo sau ɗaya ya yi masa caji. Abin da ya fi ci wa Zayyanu rai shi ne Badamasi ya daina zama na ƙarshe. A hawan da ke gab da Kende, inda kowa sai ya sassauta ƙafa kafin ya canja giya, shi Badamasi yana cikin taka feda da ƙarfi zai taɓa maɓalli ya wuce, tumbinsa na rawa.

Yammacin Juma'a ma ya canja. Kekuna na zuwa, amma masu su sai su ajiye su wuce ƙofar gidan Badamasi, inda ake shan lemo ana kallon hotunan kekuna a waya. Zayyanu ya zama mai gyara kawai. Rannan ya ji Namadi na cewa shi ma in Allah ya hore masa irin wancan zai nema, sai sukudireba ta zame ta yanke shi a tafin hannu.

A gida matarsa Hamdiyya ta lura ba ya cinye tuwonsa.

"Baban Safina, keken ne har yanzu?"

"Wane keke? Ni mi ya haɗa ni da abin wasan yara?"

"Ban ce komai ba," ta ce, ta ɗauke kwanon.

Cikin wata na biyu Badamasi ya faɗa wani rami, rim ɗin baya, ƙarfen da taya ke zama a kai, ya ɗan karkace. Duk faɗin Bagudo ba mai iya miƙe shi sai mutum ɗaya. Ya kawo keken rumfar ranar Talata, ya ce zai tafi Kwatano, sai Juma'a zai dawo.

"Ga amana, taubashi. Batir bai iya wanga aiki, sai kai."

Cikin awa guda Zayyanu ya gama. Ya juya ƙafar, tana tafiya ɗoɗar. Daga nan idonsa ya sauka kan wata 'yar igiyar lantarki, siririya kamar zare, da ta fito daga cikin ƙarfen keken ta shiga na'urar da ke tura sarƙa. Da zai ɗan zare ta kaɗan, ba mai gani, sai an kai tsakiyar hanya ta fita. Ya kama ta da yatsa biyu. Ya daɗe a haka. Can ya yi a'uzubillahi, ya saki, ya tura keken ya kai gida ya jingine a zaure.

Washegari da ya dawo daga masallaci da asuba, keken na nan inda ya bar shi. Ya ce wa kansa ai dole mai gyara ya gwada aikinsa. Ya ɗaga sirdi kaɗan ya hau, da niyyar ya kai ƙarshen layi ya juyo.

A ƙarshen layi ya taɓa maɓallin. Zit. Bai ji komai a ƙafarsa ba sai sauƙi. Ya sake taɓawa, ya koma, ya sake. Ya fita daga gari, ya wuce fadamun shinkafa, ya wuce wasu Fulani da ke kora shanu zuwa ruwa. Ya yi ta neman laifi. Ya canja giya a tsaye, ya canja yana cikin hawa, ya danna sau uku a jere don ya rikita ta. Sarƙa na zuwa inda aka ce mata, kowane lokaci, daidai irin saitin da yakan ɓata rabin awa yana nema, wanda kuma ba ya wuce mako biyu. A hawan Kende ya ji bakinsa na murmushi, ya tsuke shi. Bai tsaya ba sai da ya ga rumbunan Kurgu.

Nan ya sauka ya zauna a gindin wata tsamiya. Ba daɗi ya ji ba. Shi da ya koya wa garin nan hawan keken tsere, shi da ya san kukan kowace sarƙa, a ce irin wannan abu ya faɗa hannun Badamasi, wanda ko faci bai iya ba.

Da ya dawo ya wanke tayoyin, ya goge ƙarfen, ya mayar da sirdi daidai inda yake. Hamdiyya na tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya.

"Gwaji na yi," ya ce.

"Awa uku?"

Ya wuce ciki abinsa.

Ranar Juma'a da hantsi Badamasi ya zo karɓar kekensa a rumfar, inda Zayyanu ya mayar da shi, ba kowa sai su biyu. Ya juya ƙafar baya, ya yi godiya. Sannan ya latsa ɗan agogon da ke manne a ƙaho, ya duba, ya dubi Zayyanu.

"Taubashi, kekena ya ce ya je Kurgu ranar Laraba."

Zayyanu ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Agogon ga na rubuta duk inda aka tahi," in ji Badamasi. "Kuma gudun da ya rubuta, wallahi ban taɓa kusantar shi ba. Ya kake gani?"

"Ba laifi," in ji Zayyanu, idonsa a ƙasa. "Ga wanda bai iya ba."

Badamasi ya yi dariya har da riƙe ciki. Zayyanu ya tabbata kafin la'asar duk Bagudo ta ji, domin taubashi ba ya samun irin wannan nama ya bar shi. Amma aka yi taron yamma aka watse, ba wanda ya ce masa uffan. Aka yi hawan Asabar, shiru. Wannan rufin asirin ya fi masa tonon silili ciwo, don yanzu duk sanda ya buɗe baki zai kushe giyar batir, sai ya ga Badamasi na kallonsa yana murmushi.

A Kende, suna hutawa a gaban mai ƙosai, Namadi ya sake tayar da zancen. Zayyanu ya ce shi dai kamfanin da ya san darajar keke ba zai taɓa sa batir a giya ba, shi ya sa yake tare da Italiya. Badamasi ya ciro wayarsa, ya ɗan latsa, ya miƙa masa. Hoton kayan giya ne masu sheƙi, da tambarin nan da Zayyanu ke gogewa kullum a jikin kekensa, ga ɗan batir a gefe.

"Mutanenka ma sun daɗe da yin nasu," in ji Badamasi. "Na gan shi da idona a wani shago a Kwatano."

Zayyanu ya daɗe yana kallon hoton. Ya faɗaɗa shi da yatsa biyu, ya duba tambarin, ya duba batirin.

"To ai kun gani," ya ce daga ƙarshe, ya miƙa wayar. "Dubi ƙira. Wagga ita ce giyar batir ta gaskiya. Naka kwaikwayo ne."

Aka fashe da dariya, har mai ƙosai da ba ta san kan zancen ba.

Har yau Zayyanu bai mallaki giyar batir ba, bai ma taɓa ganin ta Italiyar a fili ba. Amma duk Asabar yana nan yana kare ta da rantsuwa, yana lissafa abubuwan da ta fi ta Japan da su. Namadi ya kawo nasa keken mai batir bayan sallar layya, shi ma na Japan. Ranar da aka kawo shi Zayyanu ya rufe rumfa tun azahar, ya ce kansa ke ciwo.