Abin da Ƙasimu ya rufe a dulab

Shekara arba'in ina aikin kafinta a Bahri, a ƙasar Sudan, kuma har yau ban ga abin da ke ba ni haushi kamar yaro ya dawo daga Jidda da kuɗi ya fara koya wa katako zama ba. Haka Tariq, ɗan marigayi abokina Ƙasimu, ya shigo shagona a watan Mayu na 1997.

"Ammi Ishaku, dulab ɗin Inna ya gama yayi," in ji shi, Ammi wato Baffa. "Gishra duk ta ɗaye. Na ce zan saya mata sabo, ta ƙi. Ka zo ka gaya mata khalas, ya ƙare, kai za ta ji."

Gishra ita ce ɓawon katako mai kyau, siriri kamar takarda, da muke liƙawa a kan katako mai araha. Dulab ɗin kuwa, wato kabad ɗin kaya, na san shi. Ƙasimu ya yi wa matarsa Hajo shi da hannunsa lokacin aurensu, a shagon da muka koyi aiki tare. Na ɗauki tukunyar gam na hau hafla, ƙaramar bas, zuwa Omdurman.

Ina shiga ɗakin na gane mai laifi. Tariq ya kafa wa uwarsa mukayyif mai ruwa, na'urar sanyaya ɗaki, a taga, in akwai wuta yana hura iska mai laima daidai ƙofar dulab ta hagu. Ƙasimu da gam ɗin fata ya yi aiki, wanda ake dafawa a shafa da zafi. A busasshen garinmu yana riƙe katako har jikoki, amma laima ce ajalinsa. Ƙofar dama lafiya lau, ta hagu ta yi kumburi, gefenta ya buɗe baki.

"In ma gyara ne, a sa kolla, gam ɗin kanti," in ji Tariq. "Minti goma an gama."

"Kolla ta masu takalmi ce," na ce. "Ta kama sau ɗaya, ba ta sake ba ka dama. In ka so cirewa sai gishra ta fito gutsi-gutsi."

Hajo tana zaune a bakin gado tana jan carbi. Mace ce mai kunya irin ta da. Shi ma Ƙasimu haka yake, shekara talatin da huɗu ban taɓa jin ya kira sunanta ba. "Ke" yake cewa, ko ya yi gyaran murya ta gane.

Ba a kawo wuta ba ranar, don haka na ce a zuba mini gawayi a dutsen guga. Na shimfiɗa tsumma mai danshi, na bi a hankali, tsohon gam ya narke, gishrar maɗaci ta ɗago gaba ɗaya ba ta tsage ba. A ƙarƙashinta, kan farin katako, akwai rubutun fensir. Mukan rubuta awo a nan, ba abin mamaki ba ne. Amma wannan ba awo ba ne, ajami ne da hannun Ƙasimu mai karkata.

Na tsaya ina kallonsa har Hajo ta lura.

"Usta, katakon ya ruɓe ne?" in ji ta, da sunan da ake kiran gwanin sana'a a nan.

"A'a, Hajiya. Rubutu ne."

"Idona ba ya gani. Karanta."

Na karanta: "Na Hajo ne. Allah ya bar ni da ita."

Carbin ya tsaya. Tariq ya matso ya leƙa, amma shi boko da Larabci ya yi, ajamin Hausa ya fi ƙarfinsa. Ya koma ya jingina da bango. Ni kuwa kewar abokina ta kama ni, har da ɗan haushinsa. Mutum ya ɓoye magana irin wannan a ƙarƙashin gam, ya tafi kabari bai faɗa ba.

Ta taso ta shafa wurin da yatsa, ta daɗe.

"In ka rufe da kollar Tariq, shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Gam ɗin fatan fa?"

"Duk ranar da kika so, dutsen guga da tsumma, zai buɗe. Amma ba ya zama ɗaki ɗaya da mukayyif."

Zafin Mayu a Omdurman ba wasa ba ne, kuma ta haura sittin. Ta juya ga ɗanta.

"Ka kai na'urarka ɗakinka, Allah ya yi maka albarka."

Bai yi musu ba, ya fita neman sukuddireba. Na ɗora tukunyar gam a kan sauran gawayin, ɗakin ya cika da warin fata. Da gam ya yi laushi na ɗauki burushi, sai ta riƙe mini hannun riga.

"Dakata, Usta. Sake karantawa tukuna. Ka fara daga sunan."